Agogon Malam Ummaru Ladan

Akwai ranar da har gobe ba ta fita raina ba, ranar da wani dattijo ya zauna a bencin shagonmu na Birnin Kebbi, na ce masa agogonsa lafiya lau yake, shi kuwa ya sunkuyar da kai kamar na kawo masa labarin rasuwa. Shekara da shekaru ina wannan sana'a, duk wanda na gaya wa haka murna yake yi. Ku da kuke koyon aiki yanzu rabin yininku a canjin batir yake ƙarewa, shi ya sa nake so ku ji wannan labari, ku san abin da ɗan ƙullutun nan na gefen agogo yake iya jawo wa mutum.

A lokacin ina aiki a ƙarƙashin Baba Bitrus. Mutumin Filato ne, amma ya daɗe a garin nan har 'ya'yansa duk a unguwar Badariya aka haife su. Tsarin shagonsa a bayyane yake. Sabon shiga yana kan batir da madauri. In hannunsa ya faɗa, a ba shi canjin gilashi. Tsofaffin agogunan nan marasa batir kuwa, waɗanda sai an murza su suke tafiya, ba mai taɓa su sai wanda Baba ya yarda da idonsa da haƙurinsa, kuma a shekarun nan ni ne a wannan teburin. Baba yana da doka guda da ba ya sassautawa: kada ka gaya wa mai kaya abin da ba ka gani da idonka ba.

Agogon ya riga mai shi zuwa. Wani direban motar Argungu ne ya miƙo mini shi a naɗe cikin hankici, har da ɗumi a jikinsa, don a gaban mota ya ajiye shi rana tana dukansa tun daga can. Ya ce na ladanin unguwarsu ne, wai gudu yake yi, a duba. Tsohon agogo ne irin wanda alhazai suke dawowa da shi daga Makka a zamanin baya, gidansa na ƙarfe, fuskarsa ta koma ruwan ƙwai saboda shekaru. Na buɗe bayansa, na sa madubin ido, na bi injin lungu-lungu. A bushe yake ƙarau. Na jingine shi kusa da agogon bangon da muke gwaji da shi, aka kwana aka yini, bai yi gaba ba, bai yi baya ba.

Abu biyu ne kawai suka tsaya mini a rai. Na farko kirawun ɗinsa. Ga wanda ba ɗan sana'a ba, kirawun shi ne ɗan ƙullutun da ake murzawa a gefen agogo. Yana ɗaure ne a kan wani siririn tsinken ƙarfe da ke shiga har cikin inji, tsinken kuma yana bi ta cikin ɗan bututu da aka dasa a jikin gidan agogon. A cikin kirawun na kirki akwai zoben roba da ke rungumar wannan bututu, shi ne ke hana ruwa da ƙura wucewa. Duk agogo ƙofofinsa uku ne, gilashi da murfin baya da kirawun, amma biyun farko a rufe suke shekara da shekaru, kirawun ne kaɗai ake taɓawa kullum. Na wannan agogon ba nasa ba ne na asali, ya yi wa bututun yawa, in ka taɓa shi sai ya yi lilo. Abu na biyu, wani ɗan ɗigon tsatsa da na gani a jikin tsinken, bai kai ƙwayar gero ba.

Na nuna wa Baba. Ya duba, ya ce, "Tsatsa a agogon da ya girme ka ba labari ba ne, Shehu. Ka ga ruwa?"

Na ce ban gani ba.

"Ka ga yana gudu?"

Na ce a'a.

"To, abin da za ka faɗa ke nan."

Washegari mai agogon ya zo da kansa. Malam Ummaru sunansa, dogon tsoho siriri, gemunsa fari tas, muryarsa kuwa ta fi jikinsa ƙarfi nesa ba kusa ba. Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗana, mi kag gani cikinai?"

Na ce, "Allah shi gahwarta Malam, ban ga komi ba. Tun da anka kawo shi daidai shika tahiya."

Nan ne ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "In agogo lahiyatai lau, ashe gaskiya sunka hwaɗi. Kaina na yat taɓu."

Na ajiye abin da ke hannuna na ce ya ba ni labari. Azumin shekarar a tsakiyar damina ya faɗo. Masallacinsu yana gefen garin Argungu, inda gidaje ke ƙarewa fadamar shinkafa ta fara. Wata rana a farkon watan azumin, hadari ya rufe sama tun la'asar, ruwa yana zuba, ga ba wuta. Malam ya duba agogonsa ya ga lokaci ya yi, ya kira magariba. Jama'a suka ci dabino suka sha ruwa. Ana cikin tayar da sahu sai hadarin ya yage ta yamma, ga rana ja wur a saman itatuwa tana kallon kowa. Liman ya ce duk wanda ya sha ruwa da wannan kiran sai ya rama azumin ranar.

Da Malam ya koma gida ya kunna rediyo, ya tarar agogon ya yi gaba sosai. Don gudun kada asuba ma ta ɓaci, sai ya mayar da shi daidai. Da wannan gyaran ya share shaidarsa da hannunsa, don da gari ya waye ya ce agogo ne ya yi gudu, aka gwada da wayoyi aka ga ba abin da ya same shi. Daga nan magana ta fara yawo a unguwa: tsufa ya kama Malam, ya fara ruɗewa. Shugaban kwamitin masallacin, Alhaji Garba, wani dillalin albasa, ya ce a sallami Malam cikin mutunci a sa wani mai waya a hannu. Liman ya ce a dakata, a kai agogon Birni masu sani su duba. Jawabina ake jira ke nan a yanke hukunci, ni kuwa ga abin da na faɗa.

Na ce ko in ba shi agogon batir mai kyau, ya huta. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce ba agogo ya rasa ba. In ya koma da sabon agogo, ai ba a fasa cewa ya ruɗe ba, sai dai a ce an rufa masa asiri. Mutumin da ya fi shekara talatin yana tashin unguwa salla, jikokinsa sun fara jin ana yi da shi a bakin rijiya.

Na tambaye shi ko yana alwala da agogon a hannu, don shi ne zargin farko da kowane mai gyara yake yi a garuruwanmu. Ya ce bai taɓa ba, cire shi yake yi kafin ya taɓa buta, kowa a unguwa shaida ne. Ruwan sama fa? Ya ce in ana ruwa a aljihu yake sa shi. Hanya ta toshe ke nan, amma ɗigon tsatsar nan ya ƙi barin raina. Tsatsa ba ta fitowa inda ruwa bai taɓa zuwa ba, kuma wannan sabuwa ce, ja take, ba ta yi baƙi ba.

Na ce ya ɗaura agogonsa ya koma, kada ya gaya wa kowa komai, gobe ina nan tafe. Baba Bitrus ya jira tsohon ya fita sannan ya taso mini. Ya ce salla ta kusa, aiki ya cika tebur, ni kuma zan kwashi ƙafa in tafi Argungu kallon tsoho. Na ce ai dokarsa nake bi, ban ga gudun agogo ba, amma ban ga ruɗewar Malam ba ma. Ya harare ni ta saman tabarau, ya ce in tafi da kayan aikina, kada in je in dawo da surutu kawai.

Na isa Argungu kafin azahar, fadama ta cika da ruwa, shinkafa kore shar har iyakar gani. Na sami Malam a gindin wata bishiyar bedi a harabar masallaci. Na zauna gefe na ce ya yi harkarsa kamar ba ni nan. Da lokaci ya kusa ya ɗauko buta, ya kwance agogon, ya cire hularsa ya sa shi a ciki, ya ajiye a kan dakali nesa da ruwa. Na ce a raina, to, yau na yi asarar kuɗin mota. Ya yi alwalarsa a natse. Yana wanke ƙafar hagu ya miƙe, ruwa yana ɗiga daga gemunsa da gwiwar hannunsa da yatsunsa, ya nufi hular, ya ɗauki agogon, ya kama kirawun da jiƙaƙƙun yatsu ya shiga murzawa. Ya murza, ya murza, sannan ya ɗan ja kirawun waje ya mayar da shi, ya ɗaura.

Wallahi sai da na miƙe tsaye ban sani ba. Na ce, "Malam, kullum haka kaka yi?"

Ya ce, "Kowace alwala. Malamin da nig gada, shi yab ba ni agogon ga, yac ce in riƙa ba shi abincinai bayan alwala, don wanda ba ya mance alwala ba ya mance agogo."

Na ce ba ya goge hannu tukuna? Ya yi mamakin tambayar. Ya ce shi tun tasowarsa bai taɓa goge ruwan alwala ba, barinsa yake ya bushe a jikinsa. Na tambayi kirawun ɗin, ya ce na asalin ya fita ya ɓace bara waccan, wani mai gyara a kasuwar ƙauye ya sa masa wannan.

Nan komai ya haɗu mini. Muddin kirawun na asali yana nan da robarsa, al'adar Malam ba ta cutar da agogon. Da aka sa wanda ya yi wa bututu yawa, kuma ba roba a cikinsa, sai ya zamana kowace murzawa tura ruwa ciki take yi, sau biyar a yini. Da rani zafi yana busar da shi kafin ya yi ɓarna. Da damina kuwa taruwa yake yi. A cikin inji akwai wani siririn sifirin a nannaɗe da muke ce wa gashi, shi ne ke auna bugun agogo. In ɗigon ruwa ya sauka a kansa sai zagayensa su manne da juna, ya gajarce, agogo ya kama gudu. In ya bushe ya saki, agogo ya koma kamar bai taɓa laifi ba. Zafin gaban motar direban nan shi ya busar mini da shaida kafin ta iso teburina.

Sanin abu daban, nuna shi daban. Na roƙi liman ya tsayar mini da dattawa bayan la'asar. Aka shimfiɗa tabarmi a barandar masallaci, na baje kayana a kan farin ƙyalle. Na cire injin daga gidansa, na cusa 'yar auduga a madadinsa, na mayar da murfi da kirawun. Na aika gidan liman aka ɗebo mini zoɓon da ake haɗawa na buɗa baki. Na ce Malam ya tsoma yatsunsa ya murza kamar yadda ya saba. Da na buɗe, gefen audugar da ke kusa da bututu ya yi ja. Aka yi ta miƙa ta hannu zuwa hannu ana salati.

Alhaji Garba ba mutumin banza ba ne, kuma ba ƙiyayya ce ta sa shi magana ba, shi ma azuminsa ya karye ranar. Ya juya audugar ya ce, "Ruwa na shiga, mun gani. Amma ni abin da nis sani, ruwa tsai da agogo shika yi. Ina ruwa ina gudu?"

Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta sai da kasada. Na nemi izinin Malam, na gaya masa ko ta yaya sai na wanke injin nan gaba ɗaya. Ya ce in yi. Na ce Alhaji ya buɗe agogon wayarsa mai ƙirga daƙiƙa, na ajiye injin kusa da ita, aka ga suna tafiya tare. Sannan na tsoma bakin allura a ruwa na taɓa gashin. Nan take sautin bugun ya canja, ya koma sauri-sauri, hannun daƙiƙa ya fara tsere wa wayar a gaban idon kowa. Wani tsoho da ke leƙe ta kafaɗata ya ce, "La ilaha illallahu, ga shi nan shina gudu!" Na ɗaga kai na dubi Malam Ummaru. Leɓensa kawai ke motsi.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe da saura. Alhaji ya ce ya yarda laifin agogo ne ba na Malam ba, kuma ya nemi gafara a gaban jama'a. Amma ya ce azumin mutane ba abin gwaji ba ne. Malam ba zai bar agogon nan ba, ba zai bar al'adarsa ba, idonsa kuma ba ya ɗaukar lambobin waya, to me zai hana abin ya sake faruwa? Aka juya ga Malam ko zai riƙa goge hannu. Ya ce zai yi ƙoƙari, amma duk wanda ke wurin ya san hannun da ya saba da abu shekara talatin ba ya jiran izinin mai shi. Liman ya yanke: in tafi da agogon in toshe ƙofar ruwan, in dawo da shi kafin goman ƙarshe a gwada a gaban kowa. In ya riƙe, Malam ya ci gaba da kiran salla. In bai riƙe ba, ya sauka da mutuncinsa. Kafin nan wani zai riƙa kira.

A mota ina dawowa na fara jin nauyin abin da na ɗauko. Wanke inji ba komai ba ne, na warware shi, na kankare tsatsar tsinke, na sa sabon mai. Robar murfin baya ta narke ta koma kamar kwalta, na kankare na sa sabuwa. Matsalar tana wurin bututu. Lilon da kirawun ɗin aro ya yi ta yi ya cinye bakinsa, ya tashi daga da'ira ya koma kamar ƙwai, har da tsaga a gefe. Ko ka sami kirawun mai sabuwar roba, ba za ta rungumi bututun da ya karkace ba. Dole a canja su biyun tare, kuma su dace da ramin gida, su dace da zaren tsinke.

Na zazzage gwangwanayen matattun agogunan Baba kaf. Wanda ya dace da rami bai dace da tsinke ba, wanda ya dace da tsinke tsawonsa ya yi yawa. Na zaga wurin abokan sana'a a kasuwa, na buga waya Sakkwato, kowa sai ya ce irin wannan ya daɗe bai gani ba. Kwanaki suna tafiya. Na fara tunanin yadda zan kalli tsohon nan in ce masa na gano cutar amma ba ni da magani.

Wata safiya Baba Bitrus ya shigo, ya ajiye wani abu a teburina ba tare da ya dube ni ba. Agogonsa ne na zuwa coci, wanda muke tsokanarsa da cewa ya fi son shi da mu. Kamfaninsu ɗaya da na Malam, gidansu iri ɗaya. Ban taɓa kawo shi a raina ba, don ba ya zuwa da shi shago. Na ce, "Baba, wanga hwa naka na."

Ya ce, "Cire bututun da kirawun. Ni da ba na alwala, me zan yi da kirawun mai hana ruwa? Ka sa mini na aron nan, hannuna a bushe yake."

Na yi dariya, amma idona ya kawo ruwa, sai na yi sauri na sa madubi don kada ya gani.

Aikin ranar ban taɓa yin irinsa da natsuwa ba. Na fitar da tsohon bututu, na share ramin, na dasa na Baba a hankali har ya zauna daram. Robar cikin kirawun ɗinsa ta ƙeƙashe saboda shekaru, na zaƙulo ta da bakin allura, na sa sabuwa, na shafa mata ɗan giris. Sai yankan tsinke, inda mai gaggawa yake kuka. In ya yi tsawo kirawun ba zai zauna a kan bututu ba, ƙofa a buɗe take. In ya gajarce agogo ba zai murzu ba, kuma ba ni da wani. Na riƙa goga shi da zarto kaɗan-kaɗan ina gwadawa, har na ji kirawun ya shige da ɗan taurin nan da ke gaya wa yatsa roba ta kama. Na rufe gidan ba inji, na nutsa shi a kofin ruwa, ban ga kumfa ko ɗaya ba. Na fitar, na ɗumama shi a tafin hannu da rana, na ɗiga ruwan sanyi a gilashin na goge. In da danshi a ciki gilashi zai yi hazo, wannan kuwa ya fito garau. Na mayar da injin na rufe, Baba ya karɓa ya maimaita gwajin da kansa, ya miƙo mini ya ce, "Tafi."

Na koma Argungu ana gobe za a shiga goman ƙarshe. Labari ya riga ni, baranda ta cika har da mutanen wasu unguwanni. Bayan la'asar aka daidaita agogon da wayar Alhaji. Malam ya yi alwala a gaban kowa, ya ɗauka da jiƙaƙƙen hannu ya murza son ransa. Na ce to, sai a jira a gani. Alhaji ya ce a'a, tun da gwaji ake, a yi mai dalili. Ya sa aka kawo farin kwanon sha cike da ruwa, ya ce a sa agogon ciki har magariba ta kusa.

Na gaya musu gaskiya, tsohon agogo ne, na gyara shi don ruwan alwala, ba don shiga gulbi ba. Alhaji ya ce ai kwano ba gulbi ba ne. Kafin in sake magana Malam Ummaru ya kwance agogon, ya ce bismillahi, ya sake shi cikin kwanon da hannunsa.

Ban taɓa ganin yammacin azumi mai tsawon wannan ba. Dattawa suka kewaye kwano, ana hango hannun daƙiƙa yana zagayawa a ƙarƙashin ruwa. Masu zuwa da dabino da kunu suna ajiyewa suna leƙawa. Ni na koma gefe ina jan carbi, ban san ma me nake karantawa ba. Da rana ta yi ƙasa liman ya ce a fitar. Alhaji ya tsamo shi, ya goge da bakin rigarsa, ya kai shi kusa da ido, ya juya shi ta ko'ina. Ba hazo. Ya haɗa da wayarsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Daidai shike, wallahi daidai!" Na buɗe murfin baya don kowa ya gani, ciki a bushe. Wurin ya kaure da kabbara, wani ya kama hannuna yana girgizawa har na ji zafi.

Alhaji ya durƙusa ya ɗaura wa Malam agogon da kansa. Liman ya ce, "Malam Ummaru, lokaci na hannunka." Ranar sama garau take, kowa yana iya ganin rana tana nutsewa bayan fadama, amma ba wanda ya kalli yamma, duk tsohon ake kallo. Ya tsaya yana duban agogonsa har ya gamsu, ya gyara hula, ya shiga. Ya ɗaga murya da kiran magariba. A kabbarar farko muryar ta ɗan yi rawa, daga ta biyu ta miƙe, ta ratsa unguwa har cikin shinkafa. Mata suka yi ta guɗa daga cikin gidaje, abin da ban taɓa ji an yi wa kiran salla ba. Ni da na yini ina mafarkin ruwan sanyi, sai da wani ya tura mini dabino a hannu na tuna ina azumi.

Malam ya ci gaba da kiran salla a masallacin nan har ƙarfinsa ya ƙare don kansa, ba wanda ya sauke shi. Duk shekara kafin damina yakan aiko mini da agogon in canja roba, don roba ba ta dawwama, ku riƙe wannan.

Abin da na koya a aikin nan, teburinmu yana iya yi mana ƙarya. Agogo yakan zo mana a bushe, a natse, ya bar halinsa a gida. In kun ga kirawun yana lilo, ko kun ga tsatsa ja a tsinke, kada ku tsaya a inji. Ku tambayi mai shi yaushe yake murzawa, da wane hannu, yana fitowa daga ina. Manomin fadama da mai wankin mota da ladan ba iri ɗaya suke jiƙa agogo ba, kuma ba aikinmu ba ne mu canja wa dattijo al'adarsa, aikinmu mu sa ƙarfe da roba su iya da ita. Kada kuma ku taɓa sa wa mutum kirawun ɗin aro don kawai ya shiga, ku ce ai yana murzuwa. Wanda ya sa wa Malam nasa bai yi da mugunta ba, sauri kawai yake, amma saura ƙiris saurinsa ya sa unguwa guda ta ɗauki mai hankali a matsayin wanda ya ruɗe.

Bayan an idar da salla a ranar gwajin kwanon nan, ina haɗa kayana, Malam ya zo ya riƙe hannuna da hannuwansa biyu. Na ɗauka zancen agogo zai yi, na fara gaya masa ya riƙa kawo shi ana dubawa. Ya girgiza kai ya ce, "Bari zancen agogo, ɗana. Yau jikokina sun ji kakansu bai haukace ba."